Ranar da Na Ari Muryar Inna

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta da su, amma akwai kwana tara da na san har in koma ga Allah ba za su fita raina ba. Kwanakin da na yi ina zirga-zirga da waya a hannu, ina neman dawo da yayana gida daga Angola, har na kusa ɓatar da shi gaba ɗaya da hannuna.  Silar komai kuwa wata hidima ce ta Kiristoci, a ƙasashen da ko a taswirar ajina ba kasafai nake kai sanda kansu ba.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Matameye, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da zama. In abu ya taso, so nake a yi shi yanzu, a gama, a wuce wurin. Mu huɗu ne a ɗakinmu, Yaya ne babba, ni ce ta uku. Shekara goma sha ɗaya kafin wannan lamari ya bar gida, ana tsakiyar shuka, bayan sun yi sa'insa da Baba. Baba ya ce ba inda za shi, shi kuma ya ce ya gaji da noman da ba ya kai mutum bazara. Ya bi wasu ƴan kasuwa, sai labari muka ji yana Angola wajen masu haƙar lu'ulu'u. Shekara biyun farko yana bugo mini jefi-jefi. A waya ta ƙarshe ni ce na gaya masa Baba ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya kashe. Daga ranar ban sake jin muryarsa ba, amma na ƙi canza lambata, don ita kaɗai na san ya haddace.

Ƙarshen damina ne, muna hutu, gero ya fara nuna. Ina durƙushe ina wanki da hantsi waya ta yi ƙara, na ga lamba doguwa ta ƙasar waje. Na goge kumfa a zane na ɗauka. Wani dattijo ne yake Faransanci a hankali, da wata irin karya harshe da ban saba ji ba. Ya tambaye ni ko ina da ɗan'uwa mai suna kaza, ɗan Nijar, dogo, mai tabo a gira. Ban san lokacin da na zauna a cikin ruwan wankin da ya malale a ƙasa ba.

Ya ce shi fasto ne na ɗarikar Angilika a wani ƙaramin gari a Angola, Faransancin kuma a Kwango ya koya, lokacin da iyayensa suka yi gudun hijira yana yaro. Shekara uku ke nan da ya tsinci Yaya a ƙofar asibiti, rami ya rufta masa a ƙafa, abokan aikinsa sun ajiye shi sun gudu saboda ba su da takardu. Ya ɗauke shi ya kai gidansa. Ƙafar ta warke a karkace, yana tafiya da sanda, shi yake kula masa da lambu. Lambata kuwa cikin zafin zazzaɓi Yaya ya dinga maimaita ta, Fasto ya rubuta a bangon littafinsa. Da Yaya ya farfaɗo sai ya sa Fasto ya yi alkawarin ba zai kira ba.

"Na riƙe alkawarin shekara uku, Madam," in ji shi. "Yau na karya."

Kunya nake ji in faɗi tambayar da na fara yi wa mutumin nan. Ban ce sannu ba, ban ce na gode ba. Cewa na yi, "Yana salla?" Sai ya yi ƴar dariya, ya ce ai ƙarar butar Yaya ce take tashe shi kullum, kuma shi da kansa ya nemo masa inda gabas take ranar da ya fara iya zama.

Sannan ya gaya mini dalilin kiran. Ya ce majami'unsu na Angola da Mozambik, masu magana da Fotugis, sun daɗe a ƙarƙashin wani babban lardi na kudancin Afirka inda harshen Ingilishi ya fi yawa. Yanzu an yarda su tsaya da ƙafarsu, su kafa lardinsu na kansu, da shugabansu, su yi taronsu da harshensu. Saboda haka ana rarraba yankuna, ana buɗe sababbi, shi kuma an tura shi wani sabon wuri mai nisa inda ko gidan fasto ba a gina ba, ɗaki guda wani zai ara masa. Wanda zai gaje shi yana da iyali da yawa, ɗakin Yaya ma ba zai ishe su ba. Nan da kwana tara zai tafi babban birni wajen bikin kafa lardin, daga can ya wuce. Ya riga ya yi magana da wasu ƴan kasuwa Musulmi na ƙasashenmu da ke birnin, sun yarda su sauke Yaya su nema masa takardar dawowa. Matsalar ɗaya ce. Yaya ya ce ba zai dawo gida ba, in Fasto ya tafi, shi daji zai koma wajen ramuka, da sandarsa.

Wallahi a lokacin duk bayanin lardin nan ta bayan kunnena yake bi. A raina cewa nake, ni ina ruwana da lardinku, ka ba ni yayana. Sai daga baya na gane da ba a yi wannan rabon ba, da Fasto bai karya alkawarinsa ba, da har yau ba mu san Yaya yana duniya ba.

Ko shanya ban yi ba na zari mayafi na nufi gidanmu. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na ce, "Inna, an ga Yaya. Yana raye." Hannunta ya tsaya a kan reshen na ɗan lokaci. Sai ta ce, "To, madalla. Allah mun gode." Ta ci gaba da tsinka. Ina tsaye ina haki, ina jira ta tambaye ni ina yake, yaya yake. Abin da ta ƙara kawai shi ne in kore mata akuyar can daga wajen tsaki.

Na san dalili, kowa ya sani. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa ƴar da ce ta gidan gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Ana yaye shi aka kai shi wajen kakarmu, da ya dawo gida yana saurayi, magana ma ta bakinmu take yi masa, ko da yana zaune a gabanta. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". A da, dariya abin yake ba mu. Ranar nan kam haushi ya ba ni, har na fita ban yi mata sallama ba.

Washegari Fasto ya lallaɓa Yaya ya karɓi waya. Muryarsa ta tsufa, Hausarsa ta yi nauyi. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi roƙo, duk a numfashi ɗaya, shi dai yana cewa in yi haƙuri. Can ya ce, "Inna fa?" Na ce tana lafiya. Ya ce, "Ta ji an gan ni?" Na ce ta ji.

"Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce madalla."

"Shi ke nan?"

Na ce ai ka san halin Inna. Ya ce, "Na san shi. Amma da ban yi mata komai ba, shirunta na kunya ne. Yanzu fa? Na fita mijinta yana hana ni, ya mutu ban ɗauki makararsa ba. Daga nan inda nake ba zan iya gane kunya ce ko fushi ba. In zo in nuna mata me, sanda?" Na ce ya bar wannan magana, ya ce ba zai sake shiga gidan nan ba sai ya tabbata ana son ganinsa. Daga nan ya miƙa wa Fasto wayar.

To, ka ji aikin da ya same ni. Kwana uku ina sintiri tsakanin gidana da gidanmu, mijina har ya ce ko dai in kwashe kayana in koma can ne. Na roƙi Inna ta yi masa magana, ko kalma biyu ce. Ta ce, "Ni na kore shi? Gidan ubansa ne, ba sai an kira shi ba." Na ɗauko Kawu, wanta, ya zo ya yi ta bayani, ta kawo masa fura ya sha ya tafi. Na je wajen Malam na unguwarmu, ya zo ya ce mata wannan kunya ba farilla ba ce, ta ce ta ji, Allah ya saka. A rana ta biyar na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya. Na ce, "Inna, wace irin zuciya gare ki? Ɗanki ne fa, zai koma rami ya mutu." Ta dube ni ta ce, "Rage murya, akwai maƙwabta." Na lura dai kwanon abincinta tun jiya yana nan a rufe, amma fushi bai bar ni na yi tunani a kai ba.

Duk kwanakin nan Fasto yana turo mini saƙon murya. Bayansa kullum hayaniya, mata suna gwajin waƙa, ana buga ƙusa a akwatin littattafai. Wata rana ya ce mini, "Madam, duk garin nan murna ake, ni kaɗai nake murna da rabin zuciya." Na tambaye shi, don dai in yi kara, me ya sa abin ya dame su haka, tunda addininsu ɗaya da mutanen can. Ya ce ba faɗa suka yi da kowa ba. Amma ya sha zuwa babban taro ya zauna kusa da tafinta, yana da maganar mutanensa a baki, kafin ya gama shirya ta da Ingilishi an wuce wurin. Ya ce ya tsufa yana ɗaga hannu a makare. Nan kam na ji shi sarai, don kullum ina ganin yara a ajina da suka san amsa da Hausa, su sunkuyar da kai saboda da Faransanci na yi tambayar.

A rana ta shida dabara ta zo mini, kuma a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni wayo. Inna tana da ƙanwa a Kance, Iya muke ce mata. Muryarsu ɗaya sak, in suna bayan danga ko mu ba ma rarrabe su. Na hau kabu-kabu da rana tsaka, ina ta ce wa mai babur ya ƙara wuta. Na sami Iya tana tankaɗe, na zayyana mata komai, na ce ita za ta zama Inna na minti biyu.

"Ke ƴar nan," in ji ta, "in yayata ta ji fa?"

Na ce ba za ta ji ba, in ma ta ji, ai rai muka ceta. Na zaunar da tsohuwar nan ina koya mata abin da za ta faɗa kamar ina shirya ɗalibi. Nan ne fa na tafka kuskuren. Maganar da na sa a bakinta ba ta Inna ba ce, maganar da na daɗe ina so in ji Inna ta faɗa ce. Iya kuma mace ce mai saurin hawaye, tun kafin a ɗauki waya idonta ya cika.

Na ce wa Fasto ga mahaifiyar Yaya nan, ya kira shi. Muna jin takun sanda yana matsowa. Ya yi sallama da wata ƙaramar murya. Iya ta kira sunansa, ta sake kira, ta kira na uku. Ta ce, "Ɗana, ɗan farina, ka dawo. Ba na ci ba na sha saboda kai. Na yafe maka duniya da lahira." Ta fashe da kuka, ni ma na taya ta, ina jin aiki ya yi kyau.

 Sai Yaya ya ce, a hankali, "Iya, ina wuni. Yaya mutanen Kance?"

Iya ta dube ni, na dube ta. Ya ce a ba ni wayar. Na karɓa. Ya ce, "Yaushe Inna ta rasu?" Na ce subhanallahi, wallahi tana raye, yanzu na baro ta. Ya ce, "Kun saba ɓoye wa na nesa mutuwa, na sani. In ta rasu, me zan zo yi? In kuma tana raye har sai da kika je Kance aron murya, to na sami amsata." Ina rantsuwa, ina kiran Yaya, Yaya, na ji takun sandar yana nisa.

Ban san yadda na dawo Matameye ba. Abin da na sani, na wuce ƙofar gidanmu sau biyu ban iya shiga ba. Washegari da safe saƙon Fasto ya shigo, ba waƙa a bayansa. Ya ce Yaya ya ɗaure kayansa, ya yi magana da wani direban babbar mota da zai tashi jibi zuwa wajen ramuka. Ya ce, "Ban ji harshenku ba, Madam, amma na ga fuskarsa. Me aka gaya masa jiya?" Bai zarge ni ba, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan la'asar na iya shiga. Inna tana kan tabarma da carbi. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ko kalma ba, ina jiran ta kore ni.  Sannan ta ce, "Ita ta kira sunan?" Na ce e. Ta ce, "Sau nawa?" Na ce uku. Ta girgiza kai ta ce, "Ai dole ya ce na mutu." Sai ta ƙara da cewa, "Ke da kike koya wa ƴaƴan mutane, ba ki san ɗa ya san uwarsa ba?"

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan, magana ta ƙare. Sai ga ta ta fito ta canza zane, ta yafa mayafinta na zuwa biki, har da kwalli. Ta zauna a kujera ta gyara zama kamar za ta karɓi baƙo. Ta ce, "Kira mini malamin nan na can ƙasar. Mutum ya ciyar da wani shekara uku, ba a bar shi ya tashi ba godiya. Da shi zan yi magana, ba da kowa ba." Ina neman lambar, sai ta ce, tana kallon wajen rumbu, "Wayar tasu ita ma tana buɗe murya kowa ya ji, kamar taki?" Na ce tana yi. Ta ce, "To."

Da sauri na rubuta wa Fasto ya buɗe murya, ya tsaya inda Yaya yake. Ya ce Yaya yana lambu yana ba kayan miya ruwa na ƙarshe, bari ya je can kamar yana duba wani abu. Da ya ɗauka, muna jin ruwa yana zuba.

Inna ta fara gaisuwa, ina fassarawa. Ta gaishe shi da gida, da iyali, da aiki, da gajiya, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni kuwa kamar in fizge wayar don gaggawa. Ta yi masa godiya, ta ce abin da ya yi Allah ne kaɗai zai biya shi. Tun a gaisuwa ta biyu na ji ƙarar ruwan ta tsaya. Sai ta ce in tambaye shi, wace tafiya ce wannan da ta tashe shi daga gidansa da tsufansa. Fasto ya yi bayani, na mayar mata da Hausa gwargwadon iyawata: sun daɗe a ƙarƙashin wasu manya na nesa, yanzu za su tsaya da kansu, su da ƴan'uwansu masu harshe ɗaya.

"Au, gandu za su fita," in ji Inna. "Sun isa ke nan. Tambaye shi, da yardar manyan?"

Na sha wuya kafin na bayyana wa Fasto gandu da Faransanci, yadda ƴaƴa suke noma gonar uba tare har ranar da za a yanka wa wanda ya isa tasa. Ya yi dariya ya ce haka ne daidai, kuma da yardarsu, su ne ma za su zo su sa albarka. Inna ta ce, "Madalla. Fita da yarda tana da daɗi. Allah ya sa su riƙe zumunci, kada su ce sun girma su daina leƙa tsohon gida." Na ce a raina shi ke nan, ta soki Yaya a inda yake ciwo. Na buɗe baki zan fassara, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Ban gama ba. Ki ce masa, akwai kuma wanda yake fita ba da yarda ba. Shi ma ba a toshe ƙofa a bayansa. Ki ce ya gaya wa baƙon nan nasa, mai gidan nan kafin ya cika ya ce gonar gabas a bar wa wancan, kada a raba ta. Shekara tara ƙannensa suna noma masa, sun gaji. Gero ya nuna." Ta gyara murya da tari. "Ki ce masa kuma na tsufa. Ba kowane jira zan iya ba."

Ban kai ga furta kalmar Faransanci ko ɗaya ba, sai muryar Yaya ta fito daga wayar. Ya ce, "Na ji, Inna."

Inna ta dubi wayar ta haɗe rai. Ta ce, "Wa ya sa da kai? Da malam nake magana."

Tun da nake, wannan ce magana ta farko da na ji ta yi masa kai tsaye, kuma faɗa ce. Can ɓangaren na ji wani sauti, na kasa gane dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Fasto yana ta tambayata, "Madam, me ta ce? Ya zauna a ƙasa, me ta ce masa?" Na ce ta ce ya yi shiru manya suna magana. Ya ce, "A, to wannan kam mahaifiyarsa ce." Inna ta miƙe ta ce in yi wa malam sallama, magariba ta kusa, ta shige ɗaki ta saki labule. Ban bi ta ba.

Babbar motar ta tashi ba da Yaya ba. Fasto ya tafi da shi babban birni a motar da ta kai su bikin, ya damƙa shi hannun ƴan kasuwan nan a ƙofar masallacinsu, sannan ya wuce wajen hidimarsa. Bayan kwana biyu ya turo mini hoto, yana tsaye cikin fararen kaya a tsakiyar jama'a, bakinsa har kunne. Ya ce an yi komai da harshensu, kuma ya yi magana ba tare da ya jira kowa ba. Da na nuna wa Inna, ta daɗe tana kallo, ta ce ashe ma tsoho ne sosai, Allah ya ba shi lafiyar sabon wuri. Takardun Yaya sun ɗauki wata huɗu, wata huɗun da na hana kowa sakat a gidan nan. Ya iso da sanyi, an daɗe da girbi, ya rame, furfura ta cika masa kai. Yanzu haka yana nan, ya kafa lambu a gefen gonar tasa, yana shuka wasu ganyaye da ba mu san sunansu ba.

Na sha zama ina tunanin yadda na kusa kashe maganar nan da ƙauna. Niyyata mai kyau ce, amma na raina shirun Inna, na ɗauka wanda bai yi kuka irin nawa ba bai ji zafi ba. Dattijon da ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, ya yi shekara da shekaru yana jiran ranar da zai yi magana da bakinsa, ni kuma ina nan ina ƙwace wa uwata nata. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Tun daga lokacin, in na ga mutum ya yi shiru a inda nake ganin ya kamata ya yi magana, ba na yanke masa hukunci, ba na kuma faɗa a madadinsa, ko da gaggawa za ta kashe ni. Daɗin bakin da na shirya ya kusa mayar da yayana rami. Tsawar uwarsa guda ɗaya ce ta kawo shi gida.